Zanen Baba Yusufu da Aka Wanke Aka Sha

Ranar kasuwar Bawku labarin ya iso mana. Wani direban lori da ya taso daga Yendi ya tsaya ƙofar gidan Alhaji Seidu, ya ce wasiƙa ta zo wa Indiyawan kantin atamfa: Baba Yusufu mai zane ya rasu a Bombay. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba'indiye ne Musulmi, dogo, marar yawan magana. A ƙasarsu ya yi makarantar zane, ya ƙware a fuskokin mutane, sannan ya bar su ya koma launi da layi kawai. Ya zo Gana wajen ƙanensa ɗan kasuwa, ya zauna Salaga, ya zauna Yendi, daga ƙarshe ya kama ɗaki a gidan Alhaji Seidu, maƙwabcinmu. Sai bayan komawarsa gida muka ji cewa a manyan biranen Indiya layi ake yi don kallon aikinsa. Mu dai mun saba ganinsa tsaye gaban katangar laka ko rigar batakari da aka shanya, har koko ya huce a hannunsa.

Ni Isaka, duk zango an san ni da tsokana. Nakan leƙa ɗakinsa in ce, "Baba, wannan saniya ce ko hatsarin mota?" Sai ya ce, "Isaka, duba da ido, kar ka duba da baki." Ranar da na nuna masa zayyanar allon saukata, sai da ya yi alwala kafin ya karɓa. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "Malaminka ya riga ni isa inda nake son zuwa."

Akwai haƙƙinsa da na ɗauka, kuma a nan na san ko shi wane ne. Alhaji Mumuni dillalin shanu ya yi mini kukan kasuwa ta tsaya masa. Na ce, "Alhaji, ga mai hatimin Indiya a unguwa kana wahala? Ba ka ga gidaje-gidajen da yake zanawa ba?" Alhaji ya je ya roƙi takarda ɗaya mai ja da baƙi. Baba ya ba shi da murna, yana zaton ya sami mai son zane. Alhaji ya kai gida, ya wanke fentin kamar rubutu, ya shanye. Kwana uku yana kwance da ciwon ciki.

Alhaji Seidu ya tara dattawa a zaure, ya ce ba zai ajiye boka a gidansa ba, Baba ya nemi wani wuri kafin Juma'a. Baba ya san bakin da maganar ta fito, domin ya kalle ni sau ɗaya. Abin da ya ce kawai shi ne, "Maigida, laifina ne. Ban tambaye shi me zai yi da ita ba." Ya tashi ya fara ɗaure kayansa da igiya.

Ƙarar igiyar nan ce ta fi ƙarfina. Na durƙusa na faɗi gaskiya. Kawuna ya ɗauko dorina, Baba ya riƙe masa hannu, ya ce, "Bar shi. Shekara talatin ina zane, yau ne karon farko da wani ya yarda aikina zai yi magani." Dattawa suka yi dariya, Alhaji Seidu da kansa ya kwance igiyar. Baba ya ƙara shekara biyu tare da mu, bai taɓa tayar mini da zancen ba.

Jiya mun yi masa sadakar bakwai a zauren nan, kuma Alhaji Mumuni ne ya kawo ragon.

Allah Ya gafarta wa Baba Yusufu, Ya yafe masa kamar yadda ya yafe mini, Ya haskaka kabarinsa. Matarsa da 'ya'yansa da ba mu taɓa gani ba, da ƙanensa da ke nan Gana, Allah Ya ba su haƙuri, Ya tsaya musu. Amin.