Aaron da Jar Fartanya

Aaron ɗan kabu-kabu ne, ɗan tsohon soja, daga wani ƙauye a hanyar Danko. Da babur ɗinsa yake kai mata kasuwar Zuru da buhunan dawa, ran Lahadi kuma shi ke ɗaga waƙa a coci.

A wata damina 'yan bindiga suka tare hanya, suka kora shi daji tare da fasinjoji da manoma. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo shi kaɗai, ƙafafu a kumbure. Ya ce ruwan sama ne ya raba hankalin masu gadi, ya sulale. Da farko an yi murna. Daga baya dangin waɗanda ba su dawo ba suka fara tambaya: me ya sa shi kaɗai, ba a biya ko sisi ba? Wa ya san hanyar nan kamar shi?

Kawunsa Dominic ya ce a wanke sunan gida. Ya ɗauko wani tsoho daga kan dutse, mai rantsuwar wuta irin ta kakanni. Za a gasa bakin fartanya har ya yi ja, wanda ake zargi ya lasa. Mai gaskiya, in ji tsohon, wuta ba ta cin sa.

Matarsa Rebecca ta riƙe masa riga. "Baban Peculiar, mu tafi Zuru wurin yayata. Bar musu garin."

"In na tafi, na amsa laifi ke nan," ya ce. "Ɗiyata za ta tashi ana ce mata 'yar mai kai wa 'yan bindiga rahoto."

An taru da hantsi a ƙofar maƙera. Tsoro ya busar masa da baki, ko yawu ya kasa haɗiyewa. Ya durƙusa, ya lasa. Waɗanda ke kusa sun ji ƙauri.

Ba a kashe shi ba, albarkacin mahaifinsa. An ƙone babur ɗin, aka ba shi zuwa faɗuwar rana ya bar ƙauyen.

Da kaka aka fanso Hafsat, ɗaya daga cikin fasinjojin. Ta shaida wa jama'a cewa a gabanta aka yi wa Aaron dukan kawo wuƙa don ya ƙi faɗin gidajen masu shanu. Mutane suka sunkuyar da kai, kowa ya koma gonarsa. Dominic ya aiko da kwanon dawa, bai zo da kansa ba.

Yanzu Aaron faci yake yi a bakin titi a Zuru. Harshen ya warke a ƙanƙance, maganarsa ba ta fita sosai, yawanci da yatsa yake nuna wa direbobi inda taya ta huje. Bara aka sake kai wa ƙauyen hari, mutanen ƙauyen suka gudo cikin Zuru. Iyali biyu daga cikinsu a zaurensa suke kwana har yau. Rebecca tana zuba musu tuwo, amma ba ta gaishe su.