Ƙaura Zuwa Yangjiang a Watan Matattu

Dengfeng, kafin asuba

Ƙarfe huɗu da kwata na asubahin Juma'a motar kaya ta tsaya a bakin lungunmu na unguwar Dengfeng, a birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ba ni ne mai ƙaurar ba. 'Yata Rakiya ce da mijinta Issaka, ɗan zangon Kumasi, za su bar Guangzhou da jikata Hafsa su koma Yangjiang, wani gari a bakin teku, kilomita ɗari biyu da 'yan kai daga nan. Na ce sai na raka su na ga inda za su kwana da idona.

Hafsa shekararta shida, kuma tun tana goye take fama da asma. Ɗakinsu a hawa na bakwai yake, in ka miƙa hannu ta taga sai ka taɓa bangon maƙwabta. Shi kuma Issaka ya gaji da lodin kwantenar mutane. Wata masana'antar wuƙaƙe da almakashi a can ta ɗauke shi ya riƙa yi mata magana da masu saye daga ƙasashenmu. Sai dai akwai ƙulli. Takardar zamansa za ta ƙare ran Laraba, masana'antar kuma ba za ta nema masa sabuwa ba sai ya kai mata, ran Litinin da sassafe, shaidar 'yan sanda cewa ga gidan da yake zaune a Yangjiang. Ofishin 'yan sandan biyar da rabi yake tashi, mai kula da baƙi kuma ba ya zama Asabar da Lahadi. In yau ta wuce, sai jirgin Accra.

Ana ɗaure kwalin ƙarshe Rakiya ta ce, “Tun da ka tafi duba gida ka ɗauki butar shayina, wata guda ke nan.”

“Ai can za mu, za ki same ta.”

“Da ganyen wata guda a ciki, ko?”

Issaka ya kalle ni ya sunkuyar da kai. Direban, wani siririn mutum mai sigari a bayan kunne, ya buga ƙofar mota ya ce, “Lawban, ƙarfe uku zan juyo, ko an sauke ko ba a sauke ba. An ce ruwa mai ƙarfi na tahowa daga teku.” Lawban shi ne maigida a bakinsu. Ya tashi biyar saura kwata, mu kuma muka yi sallah.

Daga Xiaobei zuwa babbar tashar kudu

Shida da minti goma muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa a tashar Xiaobei, muka sauya sau ɗaya, kafin bakwai muna babbar tasha. A wurin bincike aka tsayar da jakata. Wuƙar yankana ce, wadda na saya a Jidda tun Rakiya ba ta iya tafiya ba. Na ɗauko ta ne domin na ji babu mahaucin Musulmi a Yangjiang, sai mutum ya yanka kazarsa da kansa. Na yi wa yarinyar da ke binciken bayani da Turanci, na koma yarensu, ta saurare ni da ladabi har na gama, sannan ta jefa wuƙar a akwati.

Hafsa ta ja mini riga. “Tsoho, garin wuƙa za mu, kai kuma ka ɗauko wuƙa? Ni na fasa aurenka.”

“To amarya, sai ki nemi mai haƙora.”

Kujera kwai ɗari da ashirin da 'yan kai, kwai shi ne kuɗinsu. Jirgin ya tashi takwas saura minti goma. Bayan Jiangmen gidaje suka fara raguwa, sai tafkunan kifi da gonakin ayaba, kamar hanyar Kwatano zuwa Lome, in ka cire gadojin. Abu ɗaya na lura da shi ban ba shi muhimmanci ba: a bakin ƙauyuka da yawa akwai toka tsibi-tsibi da 'yan sandunan turare a soke a ƙasa.

Yangjiang, ƙarfe goma

Tasi ya kai mu unguwar cikin minti ashirin da biyar. Gaskiya Issaka ya iya zaɓe. Titi ne mai faɗi, makarantar yara a ƙarshensa, tsofaffi na zaune a inuwa suna fifita, ba mai gudu. Gidan hawa uku ne, na biyun shi ne nasu. Da ɗan mai gidan aka yi ciniki, shi kuma yana aiki a Shenzhen, ya ce mabuɗi da takardun gida suna hannun uwarsa, ita za ta raka mu ofis.

Mun same ta a ƙofa, 'yar ƙaramar tsohuwa, tana ƙona wasu takardu masu ruwan ɗorawa a cikin kwanon ƙarfe. Issaka ya gaishe ta da yaren Beijing, wanda ya iya ƙwarai. Ta dube mu, ta dubi jakunkuna, ta girgiza kai.

“Mei yo.”

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa a ƙasar nan ya san kalmar: babu. Ya ɗauka ba ta gane shi ba, ya nuna mata yarjejeniya a waya. Ta yi ta magana da yaren garinsu, da ƙyar ya tsinci abin da take nufi. Watan bakwai ne a lissafinsu, watan da suke cewa ana sakin matattu su zagaya, kuma ba a tarewa a sabon gida a cikinsa. Saura kwana tara.

Issaka ya yi dariya. Ba da mugunta ba, dariyar mamaki ce, amma ta gani. Ta ɗauki kwanonta ta shige ta ja ƙofar ƙarfe. Ya kira ɗan nata sau shida, ba a ɗauka ba.

Sha biyu da rabi

Motar kaya ta iso. Direban ya dubi ƙofa, ya dubi sama, ya ɗaga mana yatsu uku. Hayaƙin takardu kuwa ya cika titi, domin maƙwabta ma sun fito da nasu kwanonin, ƙirjin Hafsa ya fara ƙara. Rakiya ta ɗauko abin shaƙa.

Mun sami shagon taliyar Musulmin arewa maso yammacin ƙasar a bayan kasuwa, irin masu farar hula da ake samu a kowane gari. Kwano kwai goma sha biyar. Mai shagon ya share mana bayan kanti muka haɗa azahar da la'asar, Juma'a dai ta wuce mu. Na tambaye shi ko akwai wani gidan haya. Ya ce, “A watan nan? Ko ni shekara goma ina nan, ba mai ba ni mabuɗi. Kuma ko kun kwana a otal, ina za ku kai gado da firiji?”

Issaka ya ture kwanonsa. “Baba, wallahi zan kira 'yan sanda. Na sa hannu, ɗanta ya sa hannu. Wannan ai shirka ce za ta hana mu gida!”

“In sun zo sun karɓar maka mabuɗi, da wa za ka zauna shekara da shekaru? Wa zai riƙe Hafsa ran da Rakiya ta je asibiti?”

Na ce masa kakata a Kano ba ta yarda a yi tafiya ran Larabar ƙarshen Safar, kuma malamai sun yi ta faɗa, har ta rasu ba ta daina ba. A Bankok na ga attajiri ya jinkirta buɗe shago mako biyu saboda maganar mai duba. Ba a cire wa tsoho tsoronsa da takarda. Na ce su zauna nan, ni zan koma.

Ƙarfe biyu

Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska na kaɗa rumfuna. Direban ya riga ya kwance igiya ya sauke kujeru biyu a kan titi domin mu san da gaske yake.

Na ƙwanƙwasa ƙofar tsohuwar. Shekara shida na yi ina zirga-zirga a Hong Kong kafin Guangzhou ta buɗe mana, kuma a wurin 'yan dako da mata masu sayar da yadi na koyi yaren kudu. Nasu na Yangjiang ya bambanta, kamar Hausar Issaka da tawa, amma ana ji.

“Apo,” na ce, wato kaka, “kin ci abinci?”

Ta buɗe ƙaramar tagar ƙofa. “A ina ka samo bakin 'yan kasuwar kifi?”

“A wurin 'yan kasuwar kifi.”

Ba ta yi dariya ba, amma ta buɗe. Ta ba ni kujerar roba. Na ba ta haƙuri kan dariyar surukina, na gaya mata maganar takarda, na gaya mata ciwon ƙirjin Hafsa. Ta ce ai saboda yarinyar ta hana. A irin wannan watan, shekarun baya, mijinta ya sauya jirgin kamun kifi, kowa ya ce ya jira, bai jira ba. Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaya ba.

Can ta ce, “To shi mai dariyar ya zo ya ƙona takarda a ƙofa ya nemi izinin matattu. Wataƙila.”

Ga mafita a gabana kuma ba ta shiguwa. Na ce, “Apo, wannan ba za mu iya ba. Addininmu ya hana, kamar yadda naki ya hana ki ba da mabuɗi. Ba zan ce miki to ba, in je in yi da rabin zuciya.”

Ta miƙe za ta ɗauke kujera. Ƙarfe biyu da minti arba'in. Sai na ce, “Tambaya ɗaya. A wurinku, me ake yi kafin a ce mutum ya tare?”

Ta dube ni kamar wanda ya tambayi sunan shinkafa. “A shiga a rana mai kyau. A kunna wuta, a tafasa ruwa. A kwana. A bar kaya a ciki.”

Na ce, “Watan jiya da surukina ya zo duba gida, jirgin yamma ya wuce shi, ɗanki ya bar shi ya kwana a sama. Mutumin nan ba ya iya awa uku bai sha shayi ba.”

Ta zauna. “Wace rana?”

Na kira Issaka, ya zo da gudu da Rakiya a bayansa, ya nemo ranar a tikitin da ke wayarsa. Tsohuwar ta ɗauko wani littafin kwanaki mai jan bango, ta lashi yatsa, ta fara buɗawa baya. Ni da ban yarda da littafin ba, na sami kaina ina salati kar ta ce ranar ba ta da kyau. Ta daɗe tana bin layi da farce.

“Ba laifi,” ta ce. “Amma baki na iya faɗin komai.”

Ta ciro mabuɗi daga ƙugunta ta hau bene ita kaɗai, mataki-mataki. A waje direba na danna ham. Mun ji ta buɗe ƙofa, mun ji takunta a sama, sannan shiru. Da ta sauko, butar Rakiya ce a hannunta. Ta buɗe murfi ta shinshina, ta yamutsa fuska, ta kara wa Issaka a hanci. Ganyen ya yi furfura.

“Ƙazami,” ta ce. Ta juya wurin Rakiya. “Mijinki ya tare tun watan jiya. Ke dawowa gida kika yi. A shiga da kaya ba hayaniya, kar a buga ƙusa, kuma yarinyar nan kar ƙafarta ta taɓa teku sai wata ya fita.”

Na fassara. Rakiya ta ce, “Baba, ka ce mata ko wata uku ne.”

Ofishin 'yan sanda

Uku saura minti biyar aka fara sauke kaya, maƙwabta biyu suka kama mana. Ɗigon farko ya sauka firiji na tsakiyar bene. Tsohuwar kuma ta ce ba ta zuwa ofis da kayan gida, sai da ta yi wanka ta sa riga mai furanni, Issaka na tsaye a ƙofa yana cin farcensa. Tasi ya ƙi samuwa saboda ruwa. Biyar saura minti ashirin muka shiga a jiƙe, mutum huɗu a gabanmu. Da aka zo kanmu jami'in ya ce sai an kawo kwafin takardar gida. Issaka ya tsallaka titi cikin ruwa har idon sawu ya dawo da shi a ƙarƙashin riga. Biyar da minti goma sha takwas hatimi ya sauka. Na duba agogo, shi ya sa na sani.

Asabar da Lahadi

Ruwa ya ɗauke da hantsi. Mun hau bas zuwa gaɓa, tafiyar kusan awa ɗaya. Na ga tekun Jidda, na ga na Legas, wannan ya fi su shiru: jiragen kamun kifi a jere, mata na gyaran koma, yara na tsintar kaguwa. Hafsa ta tsaya nesa da ruwa tana riƙe da hannuna. Ta ce, “Tsoho, in wata ya fita ka zo ka koya mini iyo.” Na ce ni ma ban iya ba. Ta ce ta sani.

Issaka ya saya mini sabuwar wuƙa, ya ce ɗan aike zai ba ya kawo mini ita, kar in sake ba su kunya a tasha.

Lahadi na hau jirgin ƙarfe biyu, biyar da 'yan mintoci ina Xiaobei, cikin ƙarar amalanke da ƙamshin gasasshen nama. Na bi ta ƙofar tsohon gidansu na ɗaga kai, tagar hawa na bakwai a rufe. Ban kai ƙofata ba Rakiya ta kira. Ta ce kwana biyu ke nan Hafsa ba ta nemi abin shaƙa ba, kuma tsohuwar ta goge butar da toka ta dawo da ita tana ƙyalli, ta ce a hana mai dariya taɓa ta.

Na gode wa Allah da Ya kai mu Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa mai taliya da ya ba mu wurin sallah, da direban da ya ƙara mana rabin awa yana zagi. Surukina kuma, karo na farko tun da na ba shi 'yata, na gode masa da bai wanke buta ba.