Mai Cin Duka a Madadin Jarumi

Mang Tibo, maƙwabcinmu a Marikina ta ƙasar Filifin, ya shafe rabin rayuwarsa yana cin duka saboda cikin da ba shi ya yi ba. Sana'arsa ke nan. A finafinan soyayya da barkwanci da ake yi a Manila, yarinya za ta gane tana da juna biyu, ta gaya wa saurayi, saurayi ya suma, 'yan kallo su yi dariya. Daga nan sai ubanta da yayyenta su iso. Fuskar jarumi tsada gare ta, don haka a daidai nan ake janye shi a ba shi ruwan sanyi, a sa wa Mang Tibo rigarsa, a juya ƙeyarsa ga kyamara.

An jefo shi daga saman bene. An fasa masa kwalaben bogi a ka, wata rana aka yi kuskure ɗaya ta zamo ta gaske, ɗinki har bayan kunne. An tsunduma shi cikin kwandon kifi, an ja shi a ƙasa bayan babur mai ƙafa uku. Haƙarƙarinsa ya karye, ya warke a karkace. A ƙarshen fim ana haihuwa, ana rungumar juna. Shi yana gida da ƙanƙara a ƙugu.

Wani lokaci akan ba shi matsayin yayan yarinya, shi ya yi dukan. Nan ma gwani ne. Naushin fim ba ya taɓa kowa. Hannu ya wuce ta gaban hanci, wanda aka nausa ya wurga kansa baya, daga baya a saka ƙarar.

Sai 'yarsa tilo, Luningning, ta zo da nata cikin. Ita kaɗai matarsa ta bar masa. Wanda ya yi cikin Arnel ne, mai dakon ruwa, ɗan ƙauye daga tsibirin Samar.

Mang Tibo ya fita bakin shagon unguwa ya rantse gaban kowa sai ya sauke wa yaron muƙamuƙi.

"Kai, Tibo?" in ji Aling Puring, mai shagon. "Kai da ko sauro ba ka mari sai darakta ya ba ka izini?"

"Gobe ki fito da kujerarki."

A gida Luningning ta ce, "Tay," wato Baba, "ka taɓa shi, na bi shi Samar. Jikan nan ko a hoto ba za ka gani ba. Ka san ni."

Ya san ta. Ya kuma san bakin unguwa. Sai ya samo dabarar da za ta ishi kowa: naushin fim. Unguwa ta ga duka, 'yarsa ta duba ta ga ko ƙwarzane babu. Bai ga dalilin gaya wa yaron ba. Duk wanda ya ga dunƙulallen hannu ya taho, ai baya yake yi.

Washegari Arnel ya zo da farar riga a goge, riƙe da kwalin biredi. Titi ya cika. Yaro ne mai tarbiyya, kuma mai tarbiyya in ya zo gaban babba, sunkuyawa yake ya kama hannunsa ya ɗora a goshi don neman albarka. Mang Tibo ya auna tazara daidai, ya ja kafaɗa, ya saki hannu da duk ƙarfinsa. Arnel ya ga hannun suruki ya taho, ya ce, "A sa mini albarka, Tay," ya sunkuyo.

Ƙarar gajeriya ce, kamar an fasa kwakwa. Hanci ya kwanta gefe, haƙora suka zube kan kwalin, jini ya wanke farar rigar. Yaron ya durƙushe, ya kamo hannun da ya doke shi, yana laluben goshinsa da shi. Ba wanda ya yi dariya.

"Me ya sa ka matso?" Mang Tibo yake ta tambayarsa. "Baya ake yi, ɗan nan. Baya."

Luningning ba ta yi kuka ba. Ta tare babur ta kai Arnel asibiti, daga can ba ta sake tako gidan ba. Aling Puring ce ta haɗa mata kayanta.

An ce mace aka haifa, har ta fara tafiya. Kowace Kirsimeti Arnel yana aiko da busasshen kifi da gaisuwa ga Tay. Gaisuwar daga shi kaɗai take zuwa.