Injin Casar da Ya Ci Gidan Mahaifinmu

Edita, ina gaisuwa. A lokacin da wannan abu ya same ni, ni ɗan kasuwar hatsi ne a Gombe, ina sayen shinkafa shanshera a hannun manoman Dadin Kowa ina kai wa masu casa. Asirina a rufe yake, amma kullum na ga ribar da masu inji ke kwasa sai raina ya sosu. Daga nan na ƙudura sai na shigo da babban inji daga ƙasar waje.

Kuɗin ya fi ƙarfin bankina shi kaɗai, sai ya jawo wasu bankuna biyu suka haɗu suka buɗe mini takardar lamuni, wato alkawarin da banki ke yi wa mai kaya cewa zai biya shi a madadina. An kasa biyan gida biyu: wani kaso nan take da zarar kamfanin ya nuna takardun loda kaya a jirgi, ragowar kuma bayan wasu watanni. Jami'in bankin ya ce in kai wa lauya yarjejeniyar ya duba mini, na ce masa na gane komai, don kawai kada a raina ni. Abin da ya zauna mini a kai shi ne kafin wa'adi ya cika injin ya biya kansa. Da suka nemi jingina, na kawo gidan mahaifinmu na Dawaki, inda mahaifiyarmu Inna take zaune da ƙanwata da marayunta. Inna ta tambaye ni ko akwai ranar da wani zai ce ta fita, na rantse mata babu. Ta dangwala yatsa a takardar jinginar.

Injin ya daɗe a tashar jirgin ruwa ta Legas ana cajin kuɗin ajiya. Da ya iso filina na Hammadu Kafi, injiniya ya buɗe ya ce akwatin wutar da aka turo ba na wannan injin ba ne. Na garzaya banki in sa a tsayar da biya na biyu. A nan aka ce mini banki da takardu yake aiki, ba ruwansa da abin da ke cikin akwati, kuma takardun kamfanin babu kuskure, don haka alkawari ba ya warwaruwa. A nan kuma na fahimci ragowar da dala zan biya, ga naira ta faɗi warwas. 

Na shiga yawo tsakanin bankunan nan kamar zautacce, ina roƙon ƙarin lokaci. Bankina ya yarda, na biyu ya ce zai bi abin da sauran suka yanke, na uku ya ƙi, kuma yarjejeniyar ta ce sai dukkansu sun amince. Na sayar da motata da rumbuna da gwal ɗin matata, ko rabi ban haɗa ba. Wata la'asar na bi manajan banki na ukun har gidansa a Pantami, na durƙusa a ƙofa mutane na wucewa. Dattijo ne mutumin kudancin Gombe. Ya kama hannuna ya ɗaga ni, ya ce wallahi Alhaji da a hannunsa abin yake da ya yi, amma daga hedikwata aka yanke.

Aka sayar da gidan. Ranar da na je faɗa wa Inna, na shirya wa zagi da tsinuwa, amma ba ta ɗaga murya ba. Ta ce in roƙi wanda ya saya ya bar ta ta cire ƙyauren ɗakinta, don Babanmu ne ya sassaƙa shi da hannunsa. Yanzu a falona take kwana. Ƙanwata kuwa ko a makoki muka haɗu kawar da kai take yi.

Ban ce bankuna sun cuce ni ba, sun faɗa mini, ni ne ban saurara ba. 'Yan'uwana 'yan kasuwa, kafin ku sa hannu ku tambaya da wane kuɗi za a biya ragowar, wa ke da ikon ƙara wa'adi, me zai faru idan kaya suka zo da matsala. Ku yi ta tambaya ko da za a ce ku jahilai ne. Kuma don Allah, duk daɗin ciniki, kada ku jinginar da ɗakin da mahaifiyarku take kwana.