Faifan Korar Tsuntsaye

Jiya faifan CD ɗin da na rataya a lambu don korar tsuntsaye ya haske mini ido, sai na tuna marigayi Alhaji mai hoto.

Shekarar fari ce, lokacin sojoji. Rumbuna wayam, ina son tafiya Kano ci-rani, ga shi ba a wuce shinge sai da kati mai hoto. Na je wurin Alhaji, ashe injin buga hotonsa ya mutu, ya samo na hannu, amma tsohuwar ordinatarsa, wato kwamfuta, ta ƙi saninsa.

"Tsohuwa ce," in ji shi, yana shafa ta kamar akuya. "Ba ta karɓar baƙo sai da faifansa, na zamaninta."

Muka bi lambunan Dawce, yana karanta fayafan da aka rataya ɗaya-ɗaya. Ni da ko baƙi ban sani ba, aikina ba masu lambu haƙuri. Can ya dace da shi, duk kashin tsuntsu. Ya goge da hularsa, muka koma ya saka. Injin ya yi tari, fuskata ta fito da ɗuminta kamar waina.

"Alhaji, ai na yi muni!"

"To injin ya warke ke nan."

Na wuce shinge, iyalina suka ci tuwo. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya sa can an gane shi tun daga ƙofa.