Mai Bin Gishirin Teku

A tashar keke ta Arkilla, Baba Junaidu, manomin da shukarsa ta ƙone sau biyu bara, yana kallon wata mata mai tabarau. Rana na dukanta, amma taswirar teku da ke hannunta take yi wa inuwa da hijabi. Ga alama malamar jami'a ce.

"Ɗiyata, mi ya haɗa 'yar Sakkwato da teku?"

"Lissafin gishirinsa na shekara hamsin nike bi, Baba." Ta nuna yamma da haɓa. "Inda gishiri ya ƙaru, rana ta ɗebi ruwa. Ruwan nan shi ka zama hadari, cikinsa akwai rabon damunarmu."

Keke ya ɗauke ta. Shekara sittin gabas Baba yake duban hadari. Yau, da irin gero a hannu, ya juya yamma.