Akwatin Wasan Anti Zalia da Hannun Babana

Da an idar da sallar asuba a Salaga, Anti Zalia takan share ƙofar shagonta, ta sha kokonta da ƙosai, ta jawo kujera gaban tebur. Ba abin da ke kan teburin nan sai matattun kwamfutocin da ofisoshi suka zubar. Shekara ashirin da biyu ta yi tana buga takardu a wani ofis kafin a sallame ta, daga nan ta koya wa kanta wannan sana'a. Kafinta ya haɗa mata akwatin katako, ita ta sa allo da sanda da maɓallai, ya zama injin wasa irin wanda ake girkewa a falo.

Wahalar aikin tana cikin ɗan filash ɗin da take soka wa injin ta baya. Sistam ɗin da ke tayar da kwamfuta yakan zo da kaya niƙi-niƙi, na intanet, na buga takarda, na harsunan da ba mu taɓa ji ba, tsohon inji kuwa ba ya iya ɗauka. Sai ta cire abu ɗaya, ta kunna. In ya tashi, ta cire wani. In ya ƙi, ta mayar. Haka take bi, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa, har ya rage abin da wasa ke buƙata kaɗai.

Ni da shirme na ɗauki abin. Mace mai jikoki da wasan yara? Na faɗa da bakina, kuma yau ina jin kunya.

Bara shanyewar ɓarin jiki ta kayar da babana, Alhaji Sidiku, a kasuwar shanu ta Bawku. Ya miƙe, amma hannun dama ya ƙi. Ga dillalin shanu kuwa, da hannun nan ake gaisawa, da shi ake ƙulla ciniki, da shi ake cin tuwo cikin mutane. Baba ya daina fita, ya daina cin abinci in da ido a kansa. A asibiti aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya wurgar da ita ta taga. Likita ya gaya mana in hannun ya daɗe a kwance, sai dai haƙuri.

Muka kai shi Yendi gidan ƙanwata Hikmat, wadda ke da akwatin Anti Zalia a falonta. Wata rana da hantsi ta leƙo, sai ga tsohon nan yana tura sandar wasa da bayan yatsunsa na dama. Nan take ta kira ni ta gaya mini. Amma jerin wasannin ya riƙa rikita shi, don bai yi boko ba, kuma da ya fusata sai ya fizge wayar wutar injin daga bango, yadda muke kashe fanka da rediyo. A fizga ta uku injin ya daina tashi.

Hikmat ta ɗora akwatin a mota har Salaga, tana ta ba da haƙuri. Anti Zalia ta ce, "Alaji ba shi da laifi. Duka mu haka muna kashe kaya. Inji ne za ya koyi halin Alaji."

Mako uku ta yi a kai. Ta kulle sistam ɗin yadda ba ya rubuta komai a filash, ko an fizge waya ko an ɗauke wuta ba abin da zai ɓaci. Ta share jerin wasannin ta bar ɗaya, na tuƙin babbar mota, ta rage masa gudu. Da an kunna, kafin Baba ya gama gyara zama, mota tana kan hanya. Sannan ta matsar da sandar can ƙuryar dama. Ta ce wa Hikmat, "In ya yi wayo da hagu, kafaɗa za ya gaya mishi."

Ke ce gwana, Anti Zalia. Mu da ya haifa mun tsaya lallashi, ke da ba ki taɓa ganinsa ba kika karanci taurin kansa.

Bayan wata biyar Baba ya ce a ɗauko masa matar nan ya yi mata godiya. Da ta zauna a falon Hikmat, sai muka ga ya miƙe ya nufi randa. Mutumin da tunda nake ban taɓa ganin ya ɗebo wa kowa ruwa ba, ga shi tafe da kofi a hannun dama, yana rawa, ruwa na zuba a rigarsa. Ya miƙa mata. Ta kai hannu ta kama iska. Ta sake kaiwa, ta sake kuskurewa, sai da Baba ya ɗora kofin a tafinta.

Hikmat ta ce, "Anti, ba ki gani?"

"Inuwa kawai," in ji ta. "Tun kafin aikin Alaji ido yana tafiya. Na sa rubutu ya yi babba, na manna fuska, ina bi ɗaya ɗaya." Ta juyo wajen da take jin numfashinmu. "Wane hannu ya kawo ruwa?"

Na ce, "Dama."

Ta ce alhamdulillahi, ta shanye tas.

Har yau abin bai sake ni ba. Ƙarshen watan nan za ta rufe shago, kuma ba wanda ya karɓi aikin daga hannunta. Matanmu da mazanmu na Salaga da Yendi da Bawku, wanda Allah Ya ba ido da haƙuri ya je ya zauna kusa da ita tun tana iya nunawa.

Mun gode, Anti Zalia. Allah Ya haskaka miki kamar yadda kika yi mana. Jiya Baba ya koma kasuwa, kuma an ce sai da ya gaisa da kowa.